Saki ya raba aure, wa zai raba bashin gida?

Ranar da aure ya mutu a ƙasar Hausa, dangin mace sun san aikinsu. Gwaggo da inna da yayye mata za su zo da a-kori-kura, su kwance gado, su naɗe labule, su ƙirga tukwane ɗaya bayan ɗaya, in cokali ya ɓace sai an ji dalili. Amma da wuya ka ga wanda ya tsaya ya tambayi rabon 'yarsu a ginin da suke tsaye a cikinsa, ko da kuwa albashinta ne ya yi rufin. Wannan shirun yana ƙona mini rai, domin zalunci ne da muke yi da rana tsaka, kowa yana kallo.

Matan yau malaman makaranta ne, ma'aikatan jinya ne, 'yan kasuwa ne. Wadda take aikin gwamnatin tarayya ana yankar kashi 2.5 cikin ɗari na albashinta ana zubawa a Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda doka ta kafa tun 1992, kuma tana da damar neman rancen gida daga asusun a kan ruwa kashi 6 cikin ɗari, ta biya har tsawon shekara 30. Wata kuma adashinta take kwasa, ko ta ci bashi a ƙungiyar ma'aikata, ko ta sayar da gwal ɗin aurenta. Wani lokaci albashin maigida shi kaɗai bai kai banki ya amince ba, sai a ce uwargida ta zo ta sa hannu. Ta sa. Amma takardar mallakar fili suna ɗaya ne a kanta, na maigida. In ta yi ƙarfin halin cewa a saka nata, amsar a shirye take: "Wato ba ki yarda da ni ba ke nan? Ai gidanki ne ke da 'ya'yanki."

Sai saki ya zo a 'yar takarda mai layi uku. Banki ba ya karanta wannan takarda, ba ruwansa da ita. A yawancin irin wannan yarjejeniya, mutum biyun da suka sa hannu kowannensu yana ɗauke da bashin gaba ɗayansa, ba rabi ba. In namiji ya daina biya, kan matar za a dawo. Tun 2020 kuma Babban Bankin Najeriya ya ba bankuna damar bin lambar BVN ta wanda ya ƙi biyan bashi, su ɗebi kuɗi daga asusunsa na wani bankin daban, muddin ya sa hannu a kan wannan sharaɗi lokacin karɓar rancen. To ga mace ta koma gidan ubanta tana raba ɗaki da ƙannenta, ƙarshen wata wayarta ta yi ƙara, an cire kuɗin gidan da amarya ke share tsakar gidansa. Wane addini ne ya yarda da wannan?

Ba Musulunci ba dai. A shari'a dukiyar mace tata ce, aure ba ya mayar da ita ta miji. Abin da ta zuba a gini ko dai rance ne a biya ta, ko tarayya ce a ba ta kasonta, ko kyauta ce in ita da bakinta ta ce ta bayar da daɗin rai. Mazan da ke cinye haƙƙin nan duk ƙofar kyauta suke bi, domin sun san babu rubutu, alƙali kuma hujja zai nema daga mai ƙara. Dokar aure ta 1970 da ta ba kotu ikon raba kadara bayan rabuwa ta shafi auren rajista ne kawai, ba ta taɓa auren da aka ɗaura a masallaci ko a zaure ba. Saboda haka matarmu ba ta da madogara sai shaida da takarda, abubuwa biyun da muka koya mata cewa nemansu rashin kunya ne. Alhali aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Malamanmu suna kwashe sa'o'i suna jan kunne a kan riba, kuma sun yi daidai. Ina huɗubar da za a yi wa mai zaune a gidan da tsohuwar matarsa ke biya?

Maganar da ta fi ba ni haushi ita ce ta dattawa masu sulhu: "Ki bar wa Allah, ai na 'ya'yanki ne." Ƙarya ce, kuma sun sani. Ranar da mutumin ya rasu, gidan zai shiga gado a matsayin nasa shi kaɗai. Matan da ya bari za su ɗauki tumuninsu, 'ya'yan kowane ɗaki za su raba saura, ita kuwa da ta gama idda tun tuni ko bulo ɗaya ba ta da shi. Guminta na shekaru ya zama rabon 'ya'yan kishiya, da sa hannun masu cewa a yi haƙuri.

Na san akwai mazan da su ma aka bari da bashi, mace ta tafi ta ƙi biyan nata kason. Su ma an zalunce su, kuma maganin ɗaya ne. Ko dai a sayar da gidan, a sallami banki, a raba abin da ya rage gwargwadon abin da kowa ya zuba. Ko mai son zama a ciki ya biya ɗayan kasonsa, sannan su je banki tare a cire sunan wanda ya fita. Nan ne mutane ke faɗawa rami: "zan ci gaba da biya" da baki ba ya cire sunan kowa, sai banki ya amince a rubuce, kuma ba zai amince ba sai ya ga albashin mai zaman zai iya ɗaukar nauyin shi kaɗai. In ba zai iya ba, a sa haya, kuɗin ya riƙa shiga asusun bashin kai tsaye. Kafin a daidaita kuma kada a daina biya don huce haushi, domin in banki ya yi gwanjon gidan, duka biyun ne suka yi asara.

Dokar filaye ta 1978 ba ta hana a rubuta suna biyu a takardar mallaka ba, don haka duk macen da kuɗinta zai shiga gini ta nemi hakan tun ana fitar da harsashi, ta kuma adana rasit da bayanan asusunta. Alƙalai da 'yan Hisba da masu unguwa, duk zaman rabuwar aure da ya zo gabanku, ku tambaya ko akwai bashi a kan gidan da kuma sunan wa yake. Kai kuma waliyyi, in takardar sakin 'yarka ta iso hannunka, ka kira tsohon surukinka ku tafi banki a makon nan, kafin albashin wata mai zuwa ya shigo.