Uwar da Ta Dawo Gida Hannu Rabbana Ita Ma Maijego Ce

A Garwa ta arewacin Kamaru, daga unguwar Fulɓere zuwa Yelwa, idan mace ta sauka lafiya gida cika yake yi. A hura wutar wankan jego, a dama kunun kanwa, a yanka ragon suna ran bakwai. Amma wadda ta yi ɓari, ko ta haifi ɗa ba rai, sau da yawa abin da take samu bai wuce "ki yi haƙuri, ba rabo ba ne, Allah ya kawo rayayye". Kwana biyu kowa ya kama gabansa.

Akwai dalilin wannan shirun. A mazhabar Malikiyya, wadda akasarin Musulmin arewacin Kamaru ke bi, jaririn da bai yi kuka ba ba a yi masa sallar jana'iza. Sai mutane suka ɗauka tunda babu jana'iza, babu ta'aziyya. Ga kuma kara da kunya, waɗanda Bahaushe da Bafulatani suka yi tarayya a kansu, suna hana uwa nuna damuwa a kan ɗanta, balle na fari. Alhali Manzon Allah (SAW) ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu yana ƙarami. Haƙuri bai hana kuka ba.

Lamarin kuma ba ƙarami ba ne. Ƙididdigar Majalisar Ɗinkin Duniya ta nuna jarirai kusan miliyan 1.9 aka haifa ba rai a 2021, fiye da kashi 40 cikin 100 na irinsu kuwa lokacin naƙuda suke mutuwa. Zazzaɓin cizon sauro na damina, ƙarancin jini, hawan jini da doguwar naƙuda suna cikin manyan dalilai. Duk da haka matar da ta rasa 'ya'ya a jere ita ake kira mai wabi, a yi ta tsegumi har ya kai kunnen kishiya da uwar miji, a ce mayu ne ko iska, maimakon a kai ta a auna jininta.

Jikinta kuwa bai san abin da ya faru ba: nono zai kawo ruwa, jini zai ci gaba da zuba. Tana buƙatar hutu da abinci mai kyau kamar kowace maijego. Shirin Chèque Santé, wanda ake saye a kan sefa 6,000 a jihohin Arewa, Arewa Mai Nisa da Adamawa, ya rage wa iyalai nauyin awo, haihuwa da tiyata. Abin da ya rage shi ne ungozomomi da likitocin Garwa, Marwa da Ngaundere su zaunar da iyayen, su bayyana musu abin da ya faru da Hausa ko Fulatanci, su daina kwantar da uwar kusa da masu shayarwa.

Uban ma, wanda ya ɗauki ɗan likkafanin zuwa maƙabarta, ba kasafai ake tambayarsa ya haƙuri ba.

Limamai su faɗa a huɗuba cewa gaisuwar irin wannan rashi aikin lada ce. Maƙwabta kuma su shiga da ƙwaryar abinci, su zauna, su bar uwar ta yi magana, su sake komawa bayan arba'in.