A Tattara Karatu, a Kasa Shi, a Miƙa wa Na Baya

Jama'a, muna karatu. Duk mai cewa Bahaushen yau ya rabu da karatu bai leƙa wayar ɗalibi ba, ko ta uwargidan da ke bin littafi shafi-shafi a WhatsApp. Wajen adanawa ne muka yi sake. Malami zai turo maƙala mai amfani da safe, kafin la'asar gaisuwar Juma'a da hotunan biki sun binne ta. Bayan wata biyu ɗalibi ya zo rubuta kundin digiri, ya yi ta jan allon waya har yatsa ya gaji, bai same ta ba. In kuwa aka sace wayar, shi ke nan.

Alhali ga kayan aiki nan, yawancinsu kyauta. Zotero, manhajar da ta fito daga Jami'ar George Mason ta Amurka a 2006, tana ajiye maka littafi ko maƙala tare da sunan marubuci da shekarar bugu, in ka zo rubutu ta jera maka manazarta. 'Yan aji guda za su iya buɗe rukuni a cikinta, kowa ya riƙa zuba abin da ya samo. Raindrop.io da Wakelet kuma suna ba ka damar kasa abin da ka karanta kashi-kashi: tarihin Daular Usmaniyya nan, noman rani can, kiwon lafiyar yara a gefe. Wanda duk wannan ya yi wa nauyi, ko tashar Telegram ya buɗe, yana sa wa kowane rubutu alamar fanninsa, ya wuce tsara.

Sai dai tarawa kawai ba ta isa ba. Kada ka jefo mana adireshi tsirara ka wuce. Rubuta layi biyu da Hausa: me ke ciki, wa zai amfana, ina marubucin ya yi kuskure. Wannan bayanin naka shi ke sa wani ya buɗe.

Kada kuma mu miƙa wa kamfani ɗaya amanar rumbunmu. Manhajar Google Reader ta mutu a 2013. OkadaBooks, inda marubutanmu mata da dama suka sayar da littattafansu, ya rufe a 2023. Kamfanin Mozilla ya kashe manhajar Pocket a 2025. Saboda haka a riƙa sauke jerin abin da aka tara lokaci-lokaci ana ajiyewa a kwamfuta, rubutu mai muhimmanci kuma a adana kwafinsa a Wayback Machine na Internet Archive.

Marubuta ma suna da hakki a kanmu. Yaɗa littafin da mai shi ke sayarwa ba tare da izininsa ba cin gumin wani ne. A nuna wa mutane inda za su saya.

Malaman makaranta, ku fara, domin ku ɗalibai ke kallo. Ƙungiyoyin marubuta, limamai masu nazari, ma'aikatan jinya, malaman gona, kowa ya riƙi fanninsa. Ɗan'uwa, 'yar'uwa, ku zaɓi fanni ɗaya da kuka sani, ku tara rubutu goma masu inganci, ku yi musu bayani, ku tura wa na ƙasa da ku. A fara a wannan makon, don Allah.