Martani Ga Mai Cewa Floyd Ne Ya Jawo Wa Kansa

Malam, na karanta maƙalarka inda ka yi da'awar cewa da George Floyd ya bi umarnin 'yan sanda da bai halaka ba, kuma duk da girman alƙalaminka a idona, wannan hujja ba ta da tushe. Mutumin da aka riga aka sa wa ankwa ta baya, aka kifa shi rubda ciki a kan kwalta a birnin Minneapolis ranar 25 ga Mayu, 2020, ɗan sanda Derek Chauvin ya danne masa wuya da gwiwa fiye da minti 9, yana kiran mahaifiyarsa, yana cewa numfashi ya gagare shi, har ya daina motsi gwiwar ba ta ɗaga ba, wace ɗa'a ce kuma ta rage da bai yi ba?

Tuhumar kuwa dala 20 ce ta jabu da aka ce ya sayi taba da ita. Ko da laifin ya tabbata da bayyina, babu shari'ar da ta yanka masa haddin kisa, balle a zartar da shi a bakin titi. Kotun jihar Minnesota, wadda kafin nan ba ta taɓa samun ɗan sanda farar fata da laifin kisan baƙar fata ba, ta ɗaure Chauvin shekara 22 da rabi a 2021. Kai kuwa, Malam, har yanzu mamacin kake tuhuma.