Wa Ya Bar Ƙofa A Buɗe?

Wanda damuwa ta kai shi gaban likitan ƙwaƙwalwa yakan faɗi abin da ko mahaifiyarsa ba ta sani ba. To, ina amanar? A ƙasar Finland, kamfanin Vastaamo ya jibge asirin mutane fiye da 30,000 cikin kwamfuta ba kulle na kirki. Ɓarawo ya kwashe, a 2020 ya bi su ɗaya-ɗaya, kowa ya biya Yuro 200 ko a tona shi. Kamfanin ya durƙushe a 2021, an ɗaure ɓarawon a 2024. Masu cewa laifin ɓarawo ne kaɗai, sai su gaya wa jama'a wanda ya bar masa ƙofa. Nijeriya ma ta kafa dokar kare bayanai a 2023. Asibiti nawa aka bincika?