Mai Kemis Da Ya Ƙirƙiro Pepsi: Darasi Ga 'Yan Kasuwarmu Na Kurmi



Abin da ya sa na ɗauko wannan magana shi ne halin da na ga wani ƙanena ya shiga. Yaron nan ɗan canji ne a nan Ibadan. A watan Fabrairun 2024, lokacin da dala ta kusa kai naira 1,900 a kasuwar bayan fage, sai ya tattara jarinsa da kuɗin mutane ya sayi dala ya ɓoye, wai zai jira ta haura dubu biyu. Kafin ƙarshen Afrilu ta faɗo ƙasa da naira 1,200, masu kuɗi suka taso shi, dole ya sayar da asara. Har yau bai gama biyan bashi ba. Rannan muna zaune da shi yana shan Pepsi mai sanyi, sai na ce masa, "Kai, ka san mutumin da ya ƙirƙiro abin da kake sha ɗin nan irin kuskurenka ne ya karya shi?" Ya yi tsammanin zolaya nake yi.

Sunan mutumin Caleb Bradham. An haife shi a 1867 a wani ƙauye mai suna Chinquapin a jihar North Carolina ta Amurka. Burinsa ya zama likita, har ya fara karatun a Jami'ar Maryland, sai kasuwancin mahaifinsa ya karye, dole ya bari ya dawo gida. Ya ɗan yi koyarwa a garin New Bern, daga baya ya buɗe kantin magani a nan. A wancan zamani masu kemis a Amurka kan haɗa lemo mai gas su sayar wa masu zuwa sayen magani. A 1893 ya haɗa nasa, mutanen gari suna kiransa da sunansa, a 1898 kuma ya raɗa masa Pepsi-Cola. Kalmar "Cola" ɗin nan daga sunan goro take, goron nan da ya kawo kakanninmu Kurmi har aka kafa mana Sabo a 1916. Ya yi wa kamfanin rajista a 1902, kuma zuwa 1910 ana ɗura lemonsa a kwalba a jihohi 24.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne Bradham sojan ruwa ne na ko-ta-kwana, wato irin waɗanda ke ci gaba da sana'arsu amma suna zuwa atisaye, in ƙasa ta buƙace su a kira su. Shekara 25 ya yi a rundunar ruwa ta jiharsa. Ya zama kwamanda a 1904, kyaftin a 1913, ya yi ritaya da muƙamin Riya Admiral. Ban da haka ya shugabanci wani banki a New Bern, ya kuma shugabanci majalisar gundumarsu ta Craven. Ku tuna fa, ba a garin aka haife shi ba, zuwa ya yi kamar yadda muka zo nan.

To sai jarrabawa ta zo. Bayan Yaƙin Duniya na Farko farashin sukari ya yi tashin gwauron zabi, a 1920 laba ɗaya, wato kusan rabin kilo, ta haura santi 20. Bradham ya ga kamar abin zai ci gaba da hawa, sai ya zuba kuɗi ya sayi sukari mai yawa ya tara. Ba a jima ba farashin ya faɗo ƙasa da santi 5. A 1923 kamfanin ya karye, aka sayar da suna da kadarorinsa kan dala 30,000. Sai ya koma kantin maganinsa, ya ci gaba da haɗa wa mutane magani har ya rasu a 1934 yana da shekara 66. Biliyoyin da Pepsi ke kawowa yau ba nasa ba ne, ba kuma na zuriyarsa ba.

Ni a ganina, komawar nan da ya yi kantin magani ita ce babban darasi a gare mu. Da kuɗi suka tafi, ilmin haɗa magani yana nan a kansa, babu mai bin bashin da zai iya ƙwace shi. Ƙanena kuwa da jari ya ƙare, babu abin da ya rage masa sai waya da kujerar zama, domin tun yana aji uku na sakandare aka cire shi aka kai shi teburin canji. Yara nawa ne a unguwanninmu muke yi wa haka? Muna cire su daga makaranta mu ba su babur ko mu ajiye su a rumfa, mu ce ai kasuwa ta fi boko. Shi ya sa in ka zagaya Sabo za ka ga kantunan magani a ko'ina, mu ne masu saye, amma da wuya ka ga ɗanmu ne mai takardar shaidar haɗa magani a ciki.

Na san wani zai ce, Malam, ai ga shi nan mai ilmin ma ya karye, to ina amfanin? Gaskiya ne, ilmi bai hana shi yin kwaɗayin riba ba, kuma arziki na Allah ne. Amma ku dubi yadda kowannensu ya kasance bayan faɗuwar. Ɗaya ya wayi gari yana da sana'a da mutunci a gari, ɗaya kuma yana ɓuya in ya hango masu binsa.

Magana ta biyu ita ce hidimar gari. Mu mun iya cewa mu baƙi ne, ba ruwanmu da harkar gari, alhali wasunmu a nan aka haifi kakanninsu. Sai rikici ya tashi, kamar na kasuwar Shasha a Fabrairun 2021, sannan mu fara neman wanda zai tsaya mana. Rundunar sojan ruwan Najeriya tana nan tun 1956, tana da manyan sansanoni a Legas da Kalaba, kuma tana ɗaukar ma'aikatan lafiya har da masu haɗa magani. Me zai hana yaron da ya tashi a Apapa yana kallon jiragen ruwa kullum ya nemi shiga? Me zai hana mu shiga kwamitocin unguwa da na kasuwa da na asibiti tun ana zaman lafiya?

Shawarata ga iyaye ita ce kowane gida ya bar aƙalla yaro ɗaya ko biyu, mace ko namiji, su kammala karatun wata sana'a mai takarda, ko da kasuwa za su koma daga baya. Ga 'yan kasuwa kuma, kada mutum ya zuba dukkan jarinsa, balle kuɗin amana, a kan tsammanin farashi zai hau. Ƙanena dai ya yi alkawarin ba zai cire babban ɗansa daga makaranta ba, ni kuma na ɗauki nauyin kuɗin jarrabawarsa ta WAEC.

Allah Ya rufa mana asiri, Ya sa albarka a nemanmu, amin.

Naku, daga Sabo, Ibadan.