Jar Hula a Bakin Gona

Bahaushe ya daɗe da sanin cewa tufa tana magana. A ƙasar Kano, rawani mai kunne biyu na jinin sarauta ne. Talakan da ya naɗa shi, ko da guminsa ya sayi yadin, ya yi wa asalinsa shaidar zur. Da wannan tsohon ma'auni ya kamata a auna jar hular siyasa, musamman a karkarar arewacin Kano, wato wajejen Dawakin Tofa da Bichi da Ɗambatta da Minjibir.

Tarihin hular ba ɓoyayye ba ne. An san Malam Aminu Kano, jagoran NEPU wadda aka kafa a 1950, sa'an nan PRP a 1978, da farar riga da jar dara. A zamanin En'e bin Malam abu ne mai tsada, domin kuwa manoma da yawa sun sha ɗauri da bulala a kansa. Shekaru da dama bayan rasuwarsa a 1983, Rabi'u Musa Kwankwaso, gwamnan Kano daga 1999 zuwa 2003 da kuma 2011 zuwa 2015, ya mai da jar hula tambarin Kwankwasiyya. Abdullahi Umar Ganduje, mutumin Dawakin Tofa, da ita a kansa ya ci zaɓen 2015, kuma ya tuɓe ta bayan da suka raba gari a 2016. Babba yakan sauya hula cikin yini guda, a tafa masa. Manomin da ya sa ta dominsa shi aka bari da kallon maƙwabta.

A birni mai jar hula yakan ɓace cikin taro. A waɗannan ƙauyuka kuwa, inda gona ke manne da gona, ake noma gero da dawa da gyaɗa kowace damina ba tare da ƙasa ta huta ba, kowa ya san kan kowa. Wanda aka yi musun siyasa da shi a dandali, shi za a roƙa aron jaki gobe a kai taki gona, shi za a gayyata gayya, shi kuma zai kama makara. Saboda haka sa hula a nan shaida ce a gaban mutanen da ba a iya guje musu. Wanda ya sa ta don ya yarda da tafiyar, ya kuma ɗauki nauyin abin da za ta jawo masa, babu abin zargi gare shi. Haƙƙinsa ne, kuma jarumta ce.

Matsalar tana inda hula ta zama farashi. Ƙasar da ba ta hutawa ba ta yi sai da taki, kuma an sha jin kukan cewa rabon takin zamani yakan bi layin jam'iyya, kowace ce ke mulki. Magidancin da ya ɗora hula, ko ya ɓoye ta a aljihu, don a rubuta sunansa, lalle ya yi shaidar da ba ta kai zuci ba. Amma ai ba a tuhumar mai iyali goma da rumbu ya yi ƙasa. Alhakin yana wuyan mai riƙe da takardar rabo, wanda ya ɗauki dukiyar jama'a ya sayi kan mutum da ita. Haka nan atamfar da aka buga hoton ɗan takara ake raba wa mata: wadda ba ta da zane na biyu ba ƙuri'a take talla ba, sutura take nema.

Akwai kuma wanda ba a cika tunawa da shi ba. Dara ta girmi dukkan jam'iyyun nan. Dattawa da fatake sun sa ta tun kafin a san akwatin zaɓe. Yau tsohon da ya fito da darar da ya saba zuwa Juma'a da ita, sai wani yaro ya ɗaga masa hannu da kirarin tafiya, wani kuma ya ɗauke kai bai gaishe shi ba. Ba a shawarce shi ba aka ba hularsa wata ma'ana, har ya kai ga tsayawa a bakin zaure yana tunanin ko ya koma ciki ya sauya ta da zanna bukar.