Tsufan Barasa a Ganga Ba Ya Rage Dafinta

A garin Cognac da ke kudu maso yammacin Faransa ake yin barasar nan da attajiran duniya ke alfahari da ita. Gidajen da ke yin ta tsofaffi ne ƙwarai: an kafa Martell a 1715, Rémy Martin a 1724, Hennessy kuwa a 1765. Ruwan inabi ake barin yisti ya juya shi giya, a dafa ta sau biyu a tukunyar jan ƙarfe a tara tururinta, sa'an nan a zuba a gangar itace. Tun daga 2018, ba a buga mata alamar XO sai ta shekara 10 a ganga.

Babu mai musun gwanintar da ke cikin wannan aiki. Itacen gangar shi ke ba ta launi da ƙamshi. Kowace shekara wani kaso na barasar yakan tsere cikin iska, har wata baƙar fumfuna mai suna Baudoinia ke rayuwa a kan wannan tururi, ta baƙanta bangon rumbunan garin.

To, amma asalin da ake tinƙaho da shi yana da gyara. Cikin shekarun 1870 wani ƙwaro daga Amurka, filoksera, ya cinye saiwoyin inabin yankin. Ba a tsira ba sai da aka aura rassan inabin Faransa a kan saiwoyin inabin Amurka. Ashe gadon da ake kira na Faransa zalla, saiwarsa baƙuwa ce.

Kuskure mafi haɗari shi ne zaton cewa tsada da tsufa na sa barasa ta yi wa jiki sassauci. Aƙalla kashi 40 cikin 100 na kwalbar nan sinadarin etanol ne, irin wanda ke cikin giya mafi araha. Hanta ba ta karanta tambarin kwalba. Takan mayar da etanol asetaldehaid, wanda ke lahanta ƙwayoyin halitta. Tun 1988 hukumar binciken ciwon daji ta duniya, IARC, ta sa barasa a rukunin farko na abubuwan da ke haddasa cutar.

Saboda haka, ya kamata mai karatu ya raba abu biyu. Ilimin yisti da itace da saiwa abin nazari ne. Kwalbar kanta kuwa, kyan ɗan maciji gare ta.